Leptospiroz: fitsari na zuba amma kireyatinin na hawa

Majoro, Harobanda (Yamai): Salamu alaikum. Bayan ambaliya muna samun masu aikin garka da na fadamar shinkafa ta Saga da zazzaɓi, jan ido marar kwantsa da ciwon sha-raɓa, gwajin maleriya kuma bai nuna komai ba. Wasu fitsarinsu ya wadata, amma kireyatinin, dattin jini da ake auna aikin ƙoda da shi, na hawa. Ƙoda ce ta taɓu ko rashin ruwa ne kawai?

Lokotoron ƙoda: Wa alaikumus salam, Majoro. Kada yawan fitsarin ya ruɗe ka. Alamun nan na leptospiroz ne, kuma yana taɓa ƙoda. Ƙwayar leptospira da ke kawo shi tana shiga ta tsagar fata daga ruwan da fitsarin kusu ya gurɓata, galibi ciwon ya bayyana cikin kwana 5 zuwa 14. A ƙoda, siraran bututun farko da ke mayar da gishiri da ruwa cikin jini take lalatawa. Shi ya sa ruwa ke tsiyaya, fotasiyom, wani gishirin jini, ya bi shi ya faɗi, saɓanin yawancin ciwon ƙoda inda yake taruwa. A wannan mataki sarum da mayar da fotasiyom bisa awo suna ceton ƙoda. In aka yi sakaci jiki ya bushe, fitsari ya koma ƙasa da mililita 400 a kwana ɗaya, lamari ya juye: fotasiyom ya hau, huhu ya cika da ruwa. Daga nan a rage sarum, a tura asibitin Lamorde a fara wankin ƙoda da wuri, kullum in da hali. Ciwon shawara ko tarin jini ma dalilin turawa ne nan take.

Mai farmasi: In ciwon mai sauƙi ne: Doxycycline miligiram 100 safe da yamma, kwana 7, ban da mai ciki. Mai tsanani: Ceftriaxone giram 1 ta jijiya kullum, kwana 7. Don Allah a hana su Diclofenac da Ibuprofen na 'yan tebur, ciwon ƙafar ne ke kai su saye, su kuwa rage jinin da ke isa ƙoda suke. Gentamicin ma a guje shi.

Ma'aikaciyar labo: Lokotoro ya gama magana, sai dai in ƙara: a makon farko jini ake ɗiba don PCR, gwajin neman ƙwayar kanta, daga na biyu fitsari. Gwajin garkuwar jiki kafin kwana 5 zuwa 7 yakan fito babu komai. Kada a jira sakamako kafin a fara magani. A riƙa auna fitsari cikin gora mai ma'auni, kireyatinin da fotasiyom kuma kowace rana.