Waɗanda sunka fara koyon abu da girma, don Allah ku gaya min yadda kunka yi

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son in rubuta wannan kunya na hana ni, yau dai na ce bari in faɗa ko zuciyata ta yi sanyi. Shekarata 31. Na yi shekara shida wajen bida, Sabha ta Libiya da farko daga baya Tamanrasset ta Aljeriya, cikin 2022 anka maido mu ta iyakar Asamaka ba ni da komi sai kayan da ke jikina. Da na iso Tawa kawuna ya kama hannuna ya kai ni ateliye ɗin wani tela in koyi ɗinki. Yau shekara biyu da wata bakwai ke nan ina can, yara masu shekara 14 da 15 waɗanda sunka tarar da ni yanzu suna yanka kaftani su ɗinke su goge, ni kuwa har yau wuyan riga na ba ni wahala. Jiya gaban mai kaya patro ya ɗauki reza ya farke wuyan da na kwana ina yi, bai yi min faɗa ba, bai ce komi ba, shirun nan nashi ya fi min zagi ciwo. Tsarana duk sun yi aure, wani na gini wani ya buɗe bitik, in na je fada sai in yi shiru in sha shayi in tashi. Wani abokina ya ce min icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wai in bari in nemi moto in yi kabu-kabu. Ba wai a ce min in yi haƙuri nike nema ba, wannan kowa ya ce min. Wanda ya taɓa fara abu da girma ya ga yara na wuce shi nike son in ji ta bakinshi.

Maman Ramatu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi da na karanta kamar ni ce na rubuta. Ni ban yi lakwal ba, makarantar allo ma ban yi nisa ba anka yi min aure, sai da na kai shekara 38 na shiga makarantar matan aure ta bayan la'asar, daga babbaƙu na faro kamar ƴar yaye. Ɗiyata mai shekara 9 ita ke gyara min karatu da dare, wata rana na maimaita aya guda har sau nawa ban sani ba ina yin kuskure wuri guda, sai ta ce inna ai ɗazu ma na gaya miki, ba da raini ta faɗa ba amma na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Da safe na gaya ma malamarmu zan bari, sai ta kawo min hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa wanda ke karatun Alƙur'ani yana cijewa yana shan wahala lada biyu gare shi. Tun ran nan na daina jin kunyar cijewa gaban mutane. Daga baya maigidana ya kwanta ciwo na yi wata takwas ban je ba, da na koma rabin abin ya zube, anka maida ni Sabbi, matan da munka fara tare suna can gaba nesa. Na koma na zauna tabarmar sababbi. Yanzu shekara biyar ke nan, na taka Yasin, izu 16 cikin 60. Waɗansu sun sauke an yi musu walima na je na ci na yi musu barka da zuciya guda, ni ma in da rai zan sauke, ko jikokina ne za su raka ni.

Manomin Badagishiri:
Ɗana ne ke rubuta min ina faɗa mishi. Yaro, ni Abijan na yi shekara 17, Ajame, ina tallan agogo da madubin ido, na dawo gida da shekara 36 ban iya riƙon hauya yadda ya kamata ba, rabon gadona kuma fako ne, ƙasa ja mai tauri wadda in ruwa ya zuba bisanta gudu yake yi ya wuce. Tassa anka koya min, aikin nan da manoman Illela sunka gano a Yatenga ta Burkina cikin 1989 sunka zo da shi. Da rani kake gina ramu da diga, faɗin taƙi guda ko ya ɗara, ka tara ƙasar ta gefen gangare don ta tare ruwa, ka zuba taki cikin tafin hannu biyu ka bar shi. Gara ce ke zuwa don takin ta huda ƙasa ta yi ma ruwa hanya, kai ba ka ganin aikinta. Shekarar farko tafin hannuna duk ya yi kanta ya fashe, abin da na samu dami 7, maƙwabcina na da 60 da wani abu. Ta biyu ruwa ya ɗauke da wuri na samu ƙasa da haka ma. Na so in saida gonar in koma Abijan tsohuwata ta hana. Sai shekara ta huɗu na ga ƙasar ta fara yin baƙi tana laushi, kuma cikin ramun ga ƴan itatuwa sun tsiro daga ƙwayar da ke cikin kashin awaki, har da gawo, ban shuka su ba. Yau gawon nan sun fi ɗaki tsawo, ƙarƙashinsu hatsi ya fi ko'ina kyau. Ka san halin gawo, da damina lokacin da kowane icce ke kore shi zubar da ganye yake yi ya tsaya kamar busasshe, sai rani ya kama ya yi ganye. Wanda bai san shi ba sai ya ce ya mutu ya sa mishi gatari. Abokin nan naka da ya ce ka bari, bai san icce ba.

Hadiza mai ɗinki, Yamai:
Ku yi min afuwa ni zan faɗi wadda ba ta da daɗi. Ba kowane jinkiri ne daga gare ka ba yayana. Ni na yi shekara biyu wani ateliye ba abin da nike sai guga da sa maɓalli da aike, a ce je ki sawo zare, je ki ɗauko yara lakwal, keke kuwa sai in madam ta fita in hau a ɓoye. Ina ta zargin kaina ina cewa ni ce ba ni da kai, ashe ba a koya min ba ne. Da na sake wuri wata shida na fara yanka. To ina tambayarka tsakani da Allah, awa nawa kake yi bisa keke a yini, kuma patro na barinka ka riƙe almakashi ko kallo kawai kake? In ba a ba ka ba to zaman da kake ba haƙuri ba ne, lokacinka ake ci.

Ɗan Adar:
Hadiza gaskiya ba zan ɗora mishi laifi ba, mutumin kirki ne, yana ba ni keke yana ba ni yanka har dala ɗari yake ba ni kullum in ci abinci. Daga ni ne. In ni kaɗai ne hannuna na tafiya daidai, amma da na ji ido bisa kaina ko yaran nan na kallo sai hannu ya kama rawa in manta awon da na ɗauka yanzu yanzu. Baba na Badagishiri na gode, Allah ya ƙara girma, maganar gawon nan ta shige ni.

Wani ɗan'uwanku:
Ba zan sa sunana ba. Nawa ba sana'a ba ne, barin tramol ne, amma ciwon guda ne. Kabu-kabu nike yi, na fara sha don in jure rana da gajiya har ya kai in ban sha ba ba ni iya tashi daga shimfiɗa. Karon farko na bari da ƙarfin tsiya ni kaɗai, zufa, ciwon gaɓoɓi, ba barci, ina jan layi da gawayi bayan ƙofar ɗakina kowace safiya, na kai layi 47, satin salla aiki ya yi yawa na koma. Na ɗauki tsumma na goge layukan duka na ce ni ba mutum ba ne, kuma wannan maganar da na gaya ma kaina ita ta sa na ƙara wata uku cikin sha fiye da da. Karo na biyu na je likita, shi ya tsara min yadda zan rage kaɗan kaɗan, ya ce yankewa farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha na da haɗari. Na yi wata huɗu na sake zamewa kwana biyu. Amma wannan karon ban goge komi ba, na bar gurbin kwana biyun fili na ci gaba da jan layi gabansu. Har yau gurbin na nan ina ganinshi. Yanzu shekara guda da wata biyu. Ni ban ma lura na canza ba, tsohuwata ce wata rana ta zo ɗaukar kwanon tuwo ta tarar na cinye tas, ta tsaya riƙe da kwanon tana kallona ba ta ce komi ba sai hawaye. Ɗan Adar wuya guda anka farke maka jiya, shekara biyu da wata bakwai ɗinka na nan ba wanda ya taɓa su.

Ƴar Ƙonni:
Allah ya ƙara tsare ka ɗan'uwa, amin. Ni BAC D, jarabawar gama sakandare, sau uku ina faɗuwa, na biyun har zagaye na biyu na je. Tsayuwar nan cikin rana ana kiran sunaye har a gama ba ka ji naka ba, ka bi hanya ka koma gida mutanen kartiye na zaune ƙofa suna jiran labari, wanda bai taɓa ba ba zai gane ba. Abin da ya taimake ni na yarda ni mai jinkirin fahimta ce, sai na karanta abu sau uku yake zama, kuma karatun dare da ƙawayena ke yi har ƙarfe biyu ni bai karɓe ni ba, kwaikwayonsu kawai nike. Na koma yin awa biyu bayan asuba kullum ba fashi, na shiga a kandida libir, wato da kaina ba ta hannun lakwal ba, na samu karo na huɗu ina da shekara 25. Yanzu ina jami'ar Djibo Hamani nan Tawa aji guda da abokan ƙanena, suna ce min anti, ina amsawa.

Tsohon tela:
Ɗana, shekara 34 ina bisa keke, apranti da sunka bi ta hannuna ban san adadinsu ba. Yaro na saurin kamawa don kanshi ba kaya, an ba shi abinci gida, in ya ɓata yadi dariya zai yi ya sake. Kai kana ɗinki kana lissafin haya da aure da abin da za a ce, dole hannu ya yi nauyi. Amma yawancin yaran nan da sun kai 18 sai su aje almakashi su tafi bida, wanda ya je ya gani ya dawo irinka shi ke zama. Wuya kuma kar ya tada maka hankali, shi ne ƙarshen abin da hannu ke iyawa, ni kaina sai cikin shekara ta huɗu patrona ya daina duba nawa. Kuma shirun da ya yi maka gaban mai kaya rufin asiri ne, mu telolin da baki muke gyara, shi ya ga girmanka. Ka nemi takardar buhun siminti ka riƙa yanka wuya kana ɗinkawa bayan an tashi, biyar kullum, ba ido bisa kanka ba asarar shaddar kowa. Sannan in abin da ka fara ɗinkawa na nan ka je ka ɗauko shi ka duba.

Ɗan Adar:
Baba na yi yadda ka ce. Wandon da na fara yi ma ɗan yayata ne, na je gidanta ta binciko min shi ƙasan akwati. Ƙafa guda ta fi guda da kusan yatsa biyu, kalmasar ta karkace, aljihun ma a juye na sa shi, kuma lokacin murna nike har hoto na ɗauka. Na shimfiɗa shi kusa da wanda na yi satin nan na daɗe zaune ina kallonsu. Takardar siminti na samu wajen masu gini ta dala ashirin, kwana uku na yanka wuya 14, huɗu sun zauna daidai. Ba zan ɓoye muku ba ɗazu da na bi ta gaban ginin abokina zuciyata ta sake yin nauyi, abin bai tafi ba, amma na wuce ateliye na buɗe na share. Maman Ramatu ranar saukarki ki gaya min, ɗinkin walimar ni zan yi in Allah ya yarda. Baba tambaya guda, in na zo haɗa wuyan da jikin riga ta baya yake tattarewa, daga awo ne ko daga jan yadi?

Tsohon tela:
Jan yadi ne, kana turawa da hannun hagu. Ka fara kama tsakiyar baya da allura, sannan kafaɗu biyu, ka bar keke ya ja da kanshi. Gobe ka gwada uku ka ɗauko min hoton bayansu.