Adana Lantarki a Iskar da Aka Mayar Ruwa: Inda Mahawara Ta Tsaya

Tambayar da aka tattauna ita ce yadda za a adana rarar wutar rana da ta iska don lokacin da rana ta faɗi ko iska ta kwanta. Dabarar: a sanyaya iska har kusan digiri 196 ƙasa da sifili ta koma ruwa, a zuba a tankuna, in buƙata ta taso a ɗumama ta. Tana kumbura kusan ninki 700, ta juya injin.

Shawarar da aka fi nanatawa: kada a bar zafi da sanyi su salwanta. Matse iska na haifar da zafi, kumburarta na haifar da sanyi, kuma in ba a tara su an sake amfani da su ba, asarar ta yi yawa. Ko da an yi haka, kusan rabi zuwa kashi 60 cikin 100 na wutar da aka adana ke dawowa, batirin litiyam kuwa na mayar da fiye da 80. Shi ya sa aka ce a gina tashar kusa da masana'anta mai zubar da zafi, ko inda ake sauke gas ɗin da aka mayar ruwa, don a amfana da sanyinsa.

Masu goyon baya sun ce a bar wa batiri gajeren giɓi, wannan dabarar ta ɗauki na sa'o'i masu yawa, tunda ƙarin tanki ba shi da tsada, kuma ba ta buƙatar tsauni kamar madatsar ruwa. A ganina hujjarsu tana da ƙarfi. Kamfanin Highview Power ya buɗe tashar gwaji mai megawat 5 kusa da Manchesta a 2018.