Abokin zamana yana haɗa kilju a kicin ɗinmu, kuma zai kawo min sima

Baƙon Tampere:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara musamman daga waɗanda suka daɗe a Finlan. Ni ɗalibi ne a Tampere, ina zaune a irin gidan ɗaliban nan da kowa ke da ɗakinsa amma kicin da banɗaki ɗaya ne, mu biyu ne ni da wani ɗan ƙasa. Mutumin kirki ne wallahi, shi ya raka ni na sayi rigar sanyi ta gwanjo lokacin da na zo, har kekensa yake ba ni aro. To yanzu ya ajiye wani farin bokitin roba mai lita 25 a ƙarƙashin teburin kicin, a murfin akwai ɗan lanƙwasasshen bututu da ruwa a ciki yana ta ɓul-ɓul dare da rana, ga warin yis ya cika wajen. Na tambaye shi ya ce kilju ne, ruwa da suga da yis kawai. Sati mai zuwa zai tafi wajen iyayensa kuma ya roƙe ni in riƙa duba masa kada ruwan bututun ya ƙafe, ni kuma na yi shiru ban ce e ba ban ce a'a ba. Sannan wai zai dawo da sima, wani abin sha na lemon tsami da suga da ɗan yis, da mamansa take yi don bikin Vappu na 1 ga Mayu, ya ce har yara ma suna sha. Abin nan bai saɓa doka ba, kar a zo a haɗa da ni? Iskar da yake fitarwa ba ta cutarwa? Ita simar zan iya sha? Kuma yaya zan ƙi ba tare da na ɓata zamanmu ba?

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanina. Bari in taɓa ɓangaren da na sani. Yis yana cin suga ne sai ya fitar da abu biyu, sinadarin barasa da iskar kabon, wannan ɓul-ɓul da kake ji iskar ce take fita, ruwan bututun kuma aikinsa ya bar ta ta fita ya hana iskar waje da ƙananan ƙudaje shiga. Lissafin da masu haɗawa suke yi shi ne kusan giram 17 na suga a lita ɗaya yana ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Ka ga idan ya zuba kilo 5 a lita 25, giram 200 ke nan a kowace lita, zai tashi wajen kashi 11 zuwa 12, daidai ƙarfin giyar inabi ta kwalba. Don haka kar sunan suga da ruwa ya ruɗe ka, giya ce sosai.

Iskar bokiti ɗaya ba za ta yi maka komai ba a kicin mai mafitar iska, warin ne dai zai dame ka. Maganar makanta da ake ji a kan giyar gida kuma daga wani sinadari mai guba da ake kira metanol take zuwa, shi kuma yawanci a giyar da aka gurɓata ake samunsa, tsurar suga da yis ba sa fitar da shi da yawan da zai yi illa. Inda haɗari yake shi ne idan ya ɗura a kwalba ya toshe tun yis bai gama aiki ba, iska za ta taru kwalbar gilas ta iya fashewa. Idan ka ga kwalabe a jere a kabad ɗin kicin ka yi masa magana.

Ɗan Helsinki:
Batun doka ka kwantar da hankalinka. Da can haɗa kilju da zallar suga da ruwa da yis laifi ne a nan, shi ya sa wasu suke jefa 'ya'yan itace a ciki don ya shiga sahun giyar gida da aka yarda da ita, amma tun gyaran dokar barasa na 2018 an halatta mutum ya haɗa don shan kansa. Abin da har yanzu laifi ne shi ne sayarwa, da ba wa wanda bai kai 18 ba, da kuma dafa shi a tara tururin don a fitar da mai ƙarfi, wanda suke kira pontikka. Ranar da ka ga tukunya da bututun ƙarfe a kan murhu to magana ta canja.

Ƙasar nan ta daɗe da takura harkar giya, sun hana ta gaba ɗaya daga 1919 zuwa 1932, bayan nan gwamnati ta riƙe sayar da ita ta hanyar kamfaninta Alko, har yau kuma mai ƙarfi sai a shagunan Alko ga haraji mai nauyi. Shi ya sa ɗalibai da marasa kuɗi suke komawa bokiti, suga kilo biyar ai ba wani kuɗi ba ne.

Amma ni shirun da ka yi ne ya fi damuna. Mutanen nan ba su san kara irin tamu ba, idan ba ka ce a'a ba zai tafi da tunanin ka yarda. Ka same shi yau ka ce masa addinina bai yarda in taimaka a harkar giya ba ko da dubawa ce, ka nemi wani. Wallahi mafi yawansu za su ce to shi ke nan, ba sa riƙe irin wannan a zuciya, sun fi jin haushin ka amsa sannan ka ƙi yi.

Malam na Turku:
Ɗan uwa ni ba mai ba da fatawa ba ne amma kilju ba ta da wani ruɗani. Hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai matsa ta da mai ɗaukarta, don haka gadin bokitin nan ka bar shi. Zamanka a gidan kuma ba laifinka ba ne tunda ba kai ka ajiye ba.

Sima ce take buƙatar natsuwa. Ka'idar ita ce abin da mai yawansa yake bugarwa to kaɗansa ma haramun ne. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi SAW zabibi a ruwa yana sha har zuwa kwana na uku, abin da ya rage sai ya bayar ko a zubar, wato ana sha kafin ya juya. Kamar kunun zaki ne da ya kwana biyu a zafi ya fara kumfa yana kumbura gora, kowa ya san akwai lokacin da ake daina sha. Bambancin shi ne ita sima da gangan ake sa mata yis, kuma kai ba ka san kwana nawa ta yi ba kafin ta zo hannunka. Akwai malaman da suke sassautawa a kan ɗan abin da ba zai taɓa bugarwa ba ko an sha da yawa, akwai masu cewa a bari. Ni dai ta gida da ban ga yadda aka yi ba, ba na sha.

Ɗan Jos:
Ni Kirista ne kuma na taɓa ɗanɗana kilju a wajen abokai, gaskiya ba daɗi, tsami-tsami da warin yis, kuma idan ba a bari ta kwanta ba tana ɓata ciki sosai. Shawarata ka roƙe shi ya mai da bokitin ɗakinsa. Yis ɗumin ɗaki yake so wajen digiri 20 zuwa 25, ɗakinsa ma ya isa, babu dalilin da zai sa ya zauna inda kuke girki ku biyu. Kuma ruwan bututun nan ba ya ƙafewa a sati ɗaya idan ya cika shi kafin ya tafi, ba ya ma buƙatar mai gadi.

Baƙon Tampere:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yi masa magana da daddare idan ya dawo. Amma simar ce nake jin nauyi, mamansa ce fa za ta aiko.

Anti Maman Biyu:
Ƙanina na fahimce ka, abin uwa yana da nauyi. Sima a wajensu abin murna ce, ranar 30 ga Afrilu da 1 ga Mayu kusan kowane gida za ka gan ta tare da munkki, wato donot mai suga, da wani soyayyen ƙullin fulawa da suke kira tippaleipä. Maƙwabciyata ta yi a gabana: ruwa lita 4, farin suga giram 250, jan suga giram 250, lemon tsami babba ɗaya ko biyu, sai yis ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake. Ya kwana ɗaya a rufe, ta tace ta ɗura a kwalabe ta jefa zabibi kaɗan a kowace, idan zabibin ya kumbura ya taso sama to ta yi, kamar kwana uku a ɗaki ko sati a firij. A lokacin barasar kaɗan ce sosai shi ya sa suke ba yara, amma sugar da ke ciki tana da yawa kuma yis bai mutu ba, idan ta daɗe a waje ƙaruwa take yi.

Ni abin da nake wa yarana, ina tafasa ruwa lita 1 da jan suga da ɓawon lemon, ɓangaren ɗorawar kawai nake kankarewa don farin yana sa ɗaci, idan ya huce in matse ruwan lemon a ciki in tace in sa a firij. Lokacin sha sai in tsiyaya kaɗan a kofi in cika da ruwan gas mai sanyi, in jefa zabibi biyu. Ka sayi ruwan gas na zalla, kar ka ɗauko vichy don yana da gishiri-gishiri. Babu yis ko kaɗan, kuma kala da ƙamshin duk na sima ne. Ka haɗa taka tun ranar 29 ta yi sanyi, idan ya kawo ta mamansa ka karɓi munkki ka ci ka yaba ka ce ya gaishe ta, ka zuba masa taka ya ɗanɗana ka gaya masa dalilinka. Idan kuma ta kanti za ka saya ka juya bayan kwalbar ka karanta, don ba duka ba ne marasa barasa.