Ina so in sa wa kayak ɗina injin batir, mai 30 ko mai 55?

MaiFatsa:
Salamu alaikum yan uwa masu su. Ina da kayak, wato ƙaramin kwalekwale, mai tsawon ƙafa 12, irin wanda ake zama a samansa ɗin nan, shekara biyu kenan ina tuƙa shi da filafili. Matsalar in iska ta taso da yamma kafin in kai gaɓa sai na ji kamar kafaɗata za ta cire, kuma ba dama in ja fatsa a baya, kifi na kamawa kafin in ajiye filafili in ɗau sanda ya kuɓuce. Shi ne nake so in sa masa ƙaramin injin nan mai aiki da batir. Na ga mai 30 lb da mai 55 lb (lb ma'aunin nauyi ne, kusan rabin kilo), ni dai babban ya fi kwanta min a rai. Sannan ina da tsohon batirin mota a ajiye, zai yi?

TsohonMasunci:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Lambar nan ba gudu take nufi ba, ƙarfin turi ne. Lissafin da aka saba yi shi ne 2 lb ga kowane 100 lb na nauyi, to ko kai da jirgi da batir da tarkace kun kai kilo 200 ai mai 30 ya ishe ka har da saura. Kayak mai ƙafa 12 in ya kai wajen kilomita 7 a awa ya kusa ƙurewa, duk abin da ka ƙara batir kawai kake sha. Ni injin Minn Kota Endura mai 30 nake amfani da shi, kuma yawanci a lambar gudu ta 2 ko 3 nake barinsa saboda jan fatsa tafiyar hawainiya yake so.

MaiWayarin:
Dan Allah malam ka bar batirin motar nan inda yake. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa kaɗan ya tada mota, in kana shanye shi kana caji ba zai daɗe ba zai mutu. Wanda ake cewa deep cycle za ka nema, wato wanda aka yi don a riƙa shan wutarsa a hankali ana sake caji, 12 volt. Mai 30 yana jan wajen amfiya 30 in ka ƙure shi, mai 55 kuma wajen 50. Batirin dalma mai 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) rabinsa kawai ya kamata ka sha, kaga awa ɗaya da rabi da ɗan wani abu kenan da mai 30 a ƙure, ga shi ya kusa kilo 30, alhali na litiyum LiFePO4 mai 100Ah ɗin bai fi kilo 12 ko 13 ba kuma kusan duka za ka sha. A kan kayak wannan bambancin ba wasa ba ne.
Ka sa bireka, wato abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, kusa da kan batir a wayar ja, waya kuma mai kauri, siririya zafi take yi har roba ta narke. In da hali ka haɗa da PWM, wato na'urar daidaita gudun inji mai rage ɓarnar wuta, don injinan nan masu lamba 5 gaba 3 baya a ƙananan lambobi wani kaso na wutar zafi kawai yake zama.

DanTeku:
Ni ban yarda gaba ɗaya cewa mai 55 ɓarna ba ne, in kana shiga inda ruwa ke ja da ƙarfi ga iska a gaba za ka gode masa. Amma abin da ya fi damuna inda za ka ɗaura shi. Nawa da farko a gefe na sa, kan katako a bayan kujera, batir ma na ajiye shi ɓangare ɗaya saboda wayar gajera ce. Na juya kan injin ina lamba 5, wallahi sai ga ruwa ya hau cinyata, akwatin ƙugiyoyi ya zame ya nutse ina kallo. Tun ranar batir a tsakiya yake, ƙasa ƙasa, ɗaure da bel, injin kuma na mayar da shi baya. Ka sa igiyar kashe inji a jikin rigar ruwanka, in ka faɗa jirgin ba zai tsaya jiranka ba. Kuma ka riƙa kwance farfela kana dubawa, zaren fatsa na naɗewa a bayanta ya ci robar da ke hana ruwa shiga. In ruwan gishiri kake shiga ka sayi wanda aka yi dominsa.

TsohonMasunci:
Na manta, filafilin kar ka bar shi a gida. Ka kuma tambayi dokar inda kake, a jihohin Amurka da yawa da ka sa inji ko na batir ne sai an yi wa kayak rajista.

MaiFatsa:
Allah ya saka da alheri. Tafki nake shiga ba teku ba, mai 30 zan ɗauka da litiyum mai 50Ah. DanTeku, da ka mayar da naka baya, da ƙafa kake juya shi ko ka ƙara wa hannun tsawo?