Izini, yarda ko amincewa: wace kalma ce ta dace da saƙonnin talla na waya?

Malamai da 'yan uwa masu aikin fassara, ina so mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da 'yan kasuwa ke kira "opt-in" da kishiyarsa "opt-out", wato matsayin da mai waya ke ɗauka kan ko kamfani zai riƙa turo masa saƙon talla ko kada ya turo. Kalmomi uku ne aka fi kawowa: yarda, amincewa da izini. Ni izini na zaɓa, kuma ga hujjata.

Yarda tana iya zama a zuci ba tare da an furta ba, har a maganar yau da kullum akan ɗauki shirun mutum a matsayin yardarsa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da dokokin wannan fage suka hana. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta bayyana cewa shiru ko akwatin da aka riga aka sa wa alama a fom ba ya zama hujja, dole ne mutum da kansa ya yi wani aiki bayyananne. A Amurka dokar shekarar 1991 mai kare masu amfani da waya ta ba wanda aka tura wa saƙo ba bisa ƙa'ida ba damar neman dala 500 kan kowane saƙo, kuma kotu na iya ɗagawa zuwa dala 1,500 idan da gangan aka yi. Kamfanin da ya tura wa dubban lambobi a danna ɗaya ya san abin da wannan lissafi ke nufi.

Amincewa ta fi kusa, sai dai tana ɗauke da ma'anar riƙon amana, alhali mutum zai iya amincewa da shago ɗari bisa ɗari kuma ba ya son tallarsa a wayarsa. Izini shi ne abin da ake nema, a bayar, a gindaya masa sharaɗi, a kuma janye shi, kuma dukkan waɗannan kalmomi suna tafiya da shi a bakin Bahaushe ba tare da an tilasta su ba. Saboda haka sai mu ce "ba da izini" ga "opt-in", "janye izini" ga "opt-out". Inda ake sake tura saƙo a ce wa mutum ya mayar da amsa kafin a sa lambarsa cikin jeri, "tabbatar da izini" ya wadatar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zaɓuɓɓukan da ke cikin izinin kansa. Abokin ciniki yakan ce a sanar da shi idan kayansa sun iso amma ba ya son labarin rangwame, ko ya ce a aiko masa ta imel kada a taɓa lambarsa, ko sau ɗaya a wata. Na ga an fassara wannan da "abubuwan da aka fi so", wanda a ganina yana raunana maganar, domin yana nuna kamar kamfani na da damar bi ko ƙin bi. Ina ba da shawarar "iyakokin izini". Su ne ke raba jerin lambobi gida-gida kafin a fara kamfen talla, su rage yawan waɗanda saƙo zai isa gare su, su kuma rage kuɗin da ake zubarwa kan mutanen da za su share saƙon ko su kai ƙara, abin da ke sa kamfanonin sadarwa su fara tace saƙonnin mai turawa.

Akwai kuma dalili na fasaha. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ, ɗ ko ɓ a ciki sai ya koma wani tsarin rubutu mai ɗaukar 70 kacal, ya tsinke gida biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa. "Ƙin karɓa", da wasu suka kawo, yana da lanƙwasassun haruffa biyu. "Janye izini" ba shi da ko ɗaya, don haka layin ƙarshe na saƙo zai iya zama: "Don janye izini, aiko da DAINA." Sai dai wajibi ne mai tsara manhajar ya sa na'urar ta gane DAINA kamar yadda take gane STOP, kalmar Turanci da ake aikawa don tsayar da saƙonni, in ba haka ba mutum zai janye izininsa saƙonni su ci gaba da shigowa.