Neman kalma: wanda ya hau waifai ɗin gidanka ba izini, me za a kira aikinsa?

Mai Shirin Safe: Assalamu alaikum malamai. Gobe da safe zan gabatar da shiri a rediyo kan tsaron intanet na gida, rubutun kuma da Turanci ya zo. Jigonsa shi ne mutum ya ga intanet ɗinsa ya yi nauyi, data na ƙarewa da wuri, har ya fara jin kamar wani na hawa waifai ɗinsa. Ina neman gajeren suna ga wannan aiki, wanda zan yi ta maimaitawa ba tare da harshe ya sarƙe ba. Na sa "kutse" amma raina bai kwanta ba. Kafin isha'i zan miƙa rubutun.

Ɗan Gyaran Kwamfuta: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da ranki bai kwanta ba. Kutse yana da ƙarfi a cikinsa, mutum ya kutsa kai inda aka rufe. Akwai masu yin haka kam. Tsohon makullin waifai mai suna WEP tun 2001 masana suka nuna yadda ake fasa shi, shi ya sa aka koma WPA2 a 2004, sannan WPA3 a 2018. Akwai kuma raunin WPS, wato hanyar haɗa na'ura da waifai da 'yar lamba maimakon kalmar sirri, wanda wani mai bincike Stefan Viehböck ya bayyana a Disambar 2011: lamba takwas ce, amma rauta, wato akwatin da ke raba waifai a gida, tana duba ta kashi biyu, lamba ta takwas kuma ta tantancewa ce kawai, don haka gwaji 11,000 ya isa a gano ta. Wannan kutse ne. Amma abin da na fi gani a wurin aiki, ba wanda ya fasa komai. An ba baƙo kalmar sirri, shi kuma ya ba wani, ko ya nuna masa hoton QR daga wayarsa. Wanda ya ɓalle ƙofa daban, wanda aka ara wa makulli ya je ya yanko nasa daban.

Ummu Ɗalibai: To a ce "satar shiga". Ta ɗauke duka biyun.

Baƙon Zaure: Ko "shiga ba sallama". Mai sauraro zai gane nan take.

Ummu Ɗalibai: Ta yi daɗi a kunne, amma yaya za ka kira mai yin ta? "Mai shiga ba sallama" ya yi tsawo. Satar shiga kuwa sai ka ce "masu satar shiga", an wuce wurin.

Dattijon Harshe: Ku dakata. Kuna neman sunan ɓarawo alhali abin da ya sata ba shi da suna. Mene ne "waifai"? Mene ne "rauta"? Haka za a cika kunnen jama'a da Turancin da aka sa wa hula? Na daɗe ina koya wa ɗalibaina "ragar iska", domin raga ce ta na'urori da iska ke haɗawa. Mai hawa ba izini kuma "ɗan raɓe", aikin nasa "raɓe". Ya raɓu da abin da ba nasa ba yana amfana. Hajiya, ki rubuta "raɓen ragar iska".

Ɗan Gyaran Kwamfuta: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Wi-Fi sunan kasuwa ne, kamar Facebook. Kamfanin Interbrand ne ya ƙirƙira shi a 1999 domin ƙungiyar masu ƙera na'urorin, ba ma'anar da za a fassara. Kuma shi ne rubuce a fuskar wayar kowa. In Hajiya ta ce a kashe ragar iska, wane maɓalli mai sauraro zai taɓa?

Dattijon Harshe: Da haka aka ce wa "yanar gizo", yau ga shi kowa na faɗa. Kalma ba ta zama sai an sami mai ƙarfin halin furta ta a rediyo. Magabatanmu da suka ga saƙo na tafiya ba igiya, "wayar iska" suka ce, ba su jira izinin kowa ba.

Ummu Ɗalibai: Baba Malam, ita "waya" ɗin ma ai aro ce, ta dai daɗe har mun manta. Kuma tana ba mu matsala a nan. Na taɓa sa "sadarwa mara waya" a darasi, yara suka ɗauka ana nufin ba a buƙatar wayar hannu. Ni "raɓe" ta burge ni, amma ta yi laushi. Wanda ya shigo yana iya leƙa kyamarar gida ko na'urar buga takardu, yana iya canza saitin rauta in an bar kalmar sirrinta ta kamfani, in kuma ya aikata laifi a intanet adireshin intanet na mai gida za a gani. Wannan ya wuce raɓe.

Na Ƙetaren Iyaka: Kullum sai ku yanke hukunci kamar ku kaɗai ke jin Hausa. Mu a Nijar "wifi" muke cewa, da "rezo", da "kod". Rediyonku muna ji. Waifai ɗinku ma baƙo ne a kunnenmu.

Baƙon Zaure: To ai wannan hujja ce ga Malam. In kowane ɓangare zai riƙe aron Turawansa, kalmar gida ce kaɗai za ta haɗa mu.

Na Ƙetaren Iyaka: Sharaɗin dai a riƙa tambayarmu kafin a buga hatimi. Ba a jami'o'inku kaɗai Hausa take ba.

Dattijon Harshe: Ba wanda ya ce haka. Amma daidaita harshe aikin masana ne, ba na masu gyaran waya ba.

Ɗan Gyaran Kwamfuta: Ranka ya daɗe, mu masu gyaran ne jama'a ke zuwa wurinmu da bakinsu, kuma abin da suke cewa shi ne "wani ya hau mini waifai". Ba raini a ciki, abin da kunnena ke ji na faɗa.

Mai Shirin Safe: Don Allah malamai, lokaci na tafiya. Akwai saura guda: rubutun bai ce an tabbatar ba, ana dai jin kamar an shiga. "Zargi" zan ce?

Ummu Ɗalibai: Kada ki ce zargi. Zargi sai da wanda ake nuna wa yatsa, kina faɗa mai sauraro zai juya ya dubi maƙwabcinsa. Ki ce "zato", ko "alamun satar shiga".

Ɗan Gyaran Kwamfuta: Wannan ita ce magana, Malama. Hajiya, ki jaddada ta sosai. Mutum zai buɗe shafin rauta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ya ga jerin na'urorin da ke kai, ya ga wadda bai sani ba, hankalinsa ya tashi. Alhali tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ɓoye lambar shaidarsu ta asali da ake kira MAC, su nuna wata ta wucin gadi. Baƙuwar na'urar tana iya zama wayarsa, ko talabijin ɗin falo. Ya kashe waifai a kayansa ɗaya bayan ɗaya ya ga wadda za ta rage. In ta rage, ya canza kalmar sirri zuwa doguwa, WPA2 tana karɓar harafi 8 zuwa 63, ya rufe WPS, ya canza kalmar sirrin shiga saitin rauta ma. Duk wanda ke kai zai sauka.

Mai Shirin Safe: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: "satar shiga waifai" ga aikin gaba ɗaya, "kutse" in an fasa makulli, "alamun satar shiga" in ba a tabbatar ba. Baba Malam, zan ambaci "ɗan raɓe" ga wanda aka ba kalmar sirri ya ƙi sauka. Ragar iska kuwa a yi mini afuwa, sai wani shirin.

Dattijon Harshe: Kin ɗauki rabi kin bar rabi. Ban yarda da waifai ba, kuma ba zan rubuta ta ba. Amma ki furta raɓe da ɓ ɗinta sosai, kada ta koma "rabe".

Na Ƙetaren Iyaka: A farkon shirin ki ce "waifai ko wifi" ko da sau ɗaya ne, Hajiya.