Dokar hana katsalandan a shirin talabijin na Star Trek: hikima ce ko rashin tausayi?

Ɗan Agege: 'Yan uwa, Starfleet, rundunar jiragen sararin samaniya a shirin, ta haramta tsoma baki a duniyar da ba ta ƙera injin warp mai gudun da ya fi na haske ba. Ko annoba na cinye su, sai a zuba ido?

Hajiyar Idi-Araba: Malam, duba kashin shirin mai suna "A Piece of the Action" na 1968. Littafi guda kan 'yan daban Chicago aka bari a wata duniya, duniyar kacokan ta koma mulkin 'yan daba.

Baban Obalende: Hajiya, littafi daban, magani daban. A "Dear Doctor" na 2002, likita Phlox ya gano maganin cutar al'ummar Valakians, shi da kyaftin Archer suka hana su, wai kada a tauye Menk, ɗaya al'ummar da ke duniyar. Lokacin ma ba a kafa dokar ba. Zalunci ne tsagwaronsa.

Hajiyar Idi-Araba: Yaya, kyaftin Picard kansa ya taka ta a "Pen Pals", ya ceci duniyar wata yarinya mai suna Sarjenka, sannan aka goge wa yarinyar tunanin abin da ya faru.